Nobunaga's Ambition a NES: yadda za ka tsallake shekarun farko ka ci Japan da rumbun shinkafa

Yawancin waɗanda suka kunna wannan gem na mulki da yaƙi karon farko ba sa kaiwa shekara ta biyu. Mutum zai zaɓi Oda Nobunaga, sarkin yaƙin Japan na ƙarni na 16, saboda sunansa ne a jikin kaset, ya zuba zinariyarsa duka a noma, kafin ya ankara maƙwabci ya auko masa, an kashe sarkinsa, wasa ya ƙare. Laifin ba na hannunsa ba ne, rashin sanin lissafin ne. Kowane lardi umarni ɗaya tak yake samu a kowane yanayi, shekara kuma yanayi huɗu ce: bazara, damina, kaka, hunturu. Wato dama huɗu kake da ita a shekara, kuma wanda ya san inda zai kashe kowace ɗaya shi ke ci.

Da farko a san wane gem ake magana a kai, don sunan ya yi yawa. Kamfanin Koei, wanda Yoichi Erikawa da matarsa Keiko suka kafa a 1978, ya fitar da na farko a 1983 a kwamfutocin Japan, da larduna 17 na tsakiyar ƙasar. A 1986 aka fitar da na biyu mai suna Zenkokuban, wanda ya haɗa Japan gaba ɗaya a larduna 50. Shi ne aka mayar kan Famicom, na'urar gem ta Nintendo a Japan, a watan Maris na 1988, sannan ya isa Amurka a kan NES, takwararta ta can, a 1989 da Turanci. Duk abin da ke ƙasa a kan wannan yake. Na Mega Drive da na Super Nintendo da suka biyo baya ƙashin bayansu ɗaya ne, sai dai an gyara zane, an kuma ƙara labarin da ke farawa a 1571 da na 1582. Na Game Boy kuwa wani gini ne daban, kada ka ɗauki wannan bayani ka kai can.

Abin da ya canja daga kwamfuta zuwa na'urar gem

A kwamfuta, lambar umarni ake bugawa da madannan lissafi, adadin zinariya ma haka. A NES babu madannai, sai gicciyen hannun gem da A da B. Adadi ana shigar da shi ne lamba bayan lamba da gicciye, A ya tabbatar, B ya soke. Nan ne kuskure mafi arha yake faruwa: ka yi niyyar ba da 20, ka ƙara sifili ba ka lura ba, ka ba da 200, kuma idan umarni ya wuce ba ya dawowa. Ka riƙa duba adadin sau biyu kafin ka danna A na ƙarshe. Sunayen ma'auni ma an gajarta su saboda ƙarancin fili a allo, shi ya sa sabon shiga yake ganin jerin lambobi bai san wanne ne ke kashe shi ba.

Ga ma'anarsu. Gold zinariya ce, Debt bashi, Rice shinkafar da ke rumbu. Town darajar gari ce, daga ita harajin zinariya yake fitowa. Output yawan amfanin gona ne, Dams kuma ƙarfin madatsun ruwa, wanda ba ya wuce 100. Sai biyayyar talakawa da wadatarsu. Sauran huɗun na soja ne: yawan mayaƙa, ƙwarin gwiwarsu, horonsu, da makamansu.

Zaɓen sarki da jefa ƙuri'ar halaye

Mutum takwas za su iya yin wasan tare suna miƙa wa juna hannun gem, matakin wahala kuma daga 1 zuwa 5 ne. Fara da 1, ba abin kunya ba ne, don ko a nan kwamfuta ba ta da tausayi. Labarai biyu ake zaɓa, na larduna 17 da na larduna 50, duk suna farawa a bazarar 1560, shekarar da Nobunaga ya kashe Imagawa Yoshimoto a Okehazama.

A taswirar larduna 17, Takeda Shingen na Kai da Uesugi Kenshin na Echigo su ne manya, da su ya fi sauƙin koyo. Owari ta Nobunaga tana da arziki amma a buɗe take, ga Mino a arewa, ga Mikawa a gabas, ga Ise a yamma. A taswirar 50, nemi lungu. Shimazu a Satsuma, can ƙarshen kudu, bayansa teku ne. Chosokabe a tsibirin Shikoku maƙwabtansa kaɗan ne. Kakizaki na Ezo a ƙarshen arewa ya fi kowa samun mafaka, amma talauci ya yi masa katutu, tashinsa sai a hankali.

Ka kuma dubi shekaru. A wannan gem babu magaji: ran da sarkinka ya mutu, ko a fagen fama ko a kan gado, wasa ya ƙare. An haifi Mori Motonari a 1497, wato ya haura sittin tun ranar farko, don haka duk ƙarfinsa lokacinsa gajere ne. Nobunaga na 1534 ne, Tokugawa Ieyasu na 1543, waɗannan suna da sauran shekaru a gaba.

Bayan zaɓe za a ba ka halaye biyar ka tsayar da lambobinsu suna juyawa: lafiya, buri, sa'a, farin jini, da basira. Idan ba su yi maka ba ka ƙi amincewa ka sake. Kada ka ɓata dare kana neman duka biyar su yi sama. Lafiya da basira su ne ba a sassauta musu, ta farko don tsawon rai da tsira daga masu kisan gilla, ta biyu don tana shiga lissafin yaƙi. Farin jini yana ƙaruwa da kansa in kana yi wa jama'a kyauta.

Shekara ta farko: a ga kana da ƙarfi

Kwamfuta tana duba yawan mayaƙan maƙwabci ne kafin ta kai hari. Lardin da mayaƙansa suka gaza na kusa da shi sosai shi ne abinci. Don haka kafin ka ba da umarnin farko, yi amfani da View ka leƙa kowane lardi da ke iyaka da kai. Leƙen lardin wani yana cin 'yar zinariya, amma bai cinye maka umarnin yanayin ba. Rubuta abu uku a takarda game da kowanne: mayaƙa, shinkafa, makamai.

In akwai wanda ya fi ka mayaƙa nesa ba kusa ba, umarninka na farko Hire ne, ɗaukar sababbin mayaƙa har ku yi kusan kunnen doki. Amma ka sani sabon ɗauka ba shi da horo, ba shi da makami, don haka yana sirka na da, kamar an ƙara ruwa a miya: horo, makamai da ƙwarin gwiwa duk za su sauka. Maganinsa Train, wanda ba ya cin ko sisi, sai umarnin yanayin kawai. Duk yanayin da aljihu ya bushe, kada ka danna Pass ka bar yanayin ya wuce haka nan, ka yi horo.

In kuwa babu mai barazana nan kusa, fara da Assign, rabon mayaƙa cikin rundunoni biyar. Ta 1 ta shugaba ce, ta 2 barade, ta 3 masu bindiga, ta 4 da ta 5 dakaru. Masu bindiga sun fi kowa duka, barade na biye, dakaru ne na baya. Gem ɗin ya sa wa rundunar bindiga iyaka, to ka cika ta har iyakar. Abin da ya rage ka raba tsakanin ta 1 da ta 2, ka rage ta 4 da ta 5 sosai ko ka bar su babu kowa. Dalili shi ne ƙaramar runduna ba ta iya komai sai mutuwa, kuma ta 1 in ta faɗi an ci ka ko da sauran suna nan daram. Wasu suna barin 'yan mutane a ta 4 don toshe hanya, wannan ma dabara ce mai kyau a lardin da ke da mashigi tsakanin duwatsu.

Zagayen noma, inda ainihin wasan yake

Haraji sau ɗaya ake karɓa a shekara, da kaka. A lokacin ne shinkafa da zinariya suke shigowa, a lokacin ne kuma ake cire abincin mayaƙa da albashinsu, falke ma ya karɓi bashinsa. Duk abin da ka yi a sauran yanayi uku shiri ne na wannan rana.

Umarnin Grow yana ƙara amfanin gona gwargwadon zinariyar da ka zuba, amma yana da farashi biyu a ɓoye: madatsun ruwa suna raguwa, biyayyar talakawa ma tana raguwa, don aikin gayya ne aka tilasta musu. Wanda ya yi Grow sau uku a jere zai ga lambar amfanin gona ta yi kyau, sai guguwar damina ta zo ta tarar da madatsu a ƙasa ta share ta, ko talakawa su yi bore. Tsarin da ke aiki shi ne a bi yanayin. Da hunturu ka yi Grow. Da bazara ka yi Dam ka mayar da madatsu kusa da 100, tun da damina ce lokacin guguwa. Da damina ka yi Give ga talakawa, don biyayya da wadata su hau daidai gab da girbi, tun da duka biyun suna shiga lissafin abin da za ka tara. Da kaka, rumbu ya cika, sai ka yi ciniki ko ka ɗauki mayaƙa.

Kyautar nan ta Give ana iya yinta da zinariya ko da shinkafa. Duba farashin shinkafa a allo kafin ka zaɓa: in ta yi arha, ba da shinkafa ka riƙe zinariya, in ta yi tsada, sayar da ita ya fi. Kada dai ka taɓa barin shinkafar rumbu ta gaza yawan mayaƙanka. Lardin da ke da mayaƙa 120 da shinkafa 30 a bakin mutuwa yake ko ba a ga alama ba, don in aka kawo masa hari abinci zai ƙare kafin kwanakin yaƙi su ƙare.

Haraji kuma, umarnin Tax yana ba ka damar sa shi yadda ka so, amma ɗaga shi yana rage biyayya da wadata. Matsakaici ya fi: tsakanin kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari, a ɗaga sau ɗaya, a bi shi da kyauta a yanayi na gaba. Wanda ya kai shi 70 yana ganin ya yi wayo, kaka ɗaya zai ji daɗi, ta biyu ya tarar talakawa sun tsiyace, abin da ake karɓar kashin a kansa ya ragu.

Build yana ƙara darajar gari, shi ma yana taɓa wadatar talakawa. A shekaru biyun farko noma ya fi shi riba, don shinkafa abinci ce kuma kuɗi ce. Bayan ka mallaki larduna uku ko huɗu sai ka ware na can ciki su zama na kasuwa.

Falke

Umarnin Trade ba ya aiki sai falke yana lardin, kuma yawo yake yi. A Yamashiro, inda Kyoto take, da Settsu mai tashar Sakai ne kawai ake samunsa kullum, shi ya sa waɗannan larduna biyu suka fi girmansu daraja. A wajensa ake sayar da shinkafa, a saya, a ci bashi, a sayi makamai. Farashi yana motsi kowane yanayi. Ka riƙa lura da shi ko ba za ka yi ciniki ba, bayan shekara biyu za ka gane mene ne tsada mene ne arha.

Makamai ana lissafa su ne a kan yawan mayaƙa, don haka zinariya ɗaya ta fi ɗaga lambar in mayaƙa kaɗan ne, kuma ɗaukar sababbi yana sauke ta. Bashi kuwa iyakarsa tana bin darajar gari, kuma da kaka ake biya da ruwa. Ba a cinsa don noma. Ana cinsa ne in an ga hari tafe babu kuɗin ɗaukar mayaƙa, ko in ga lardin maƙwabci ya faɗi warwas ana bukatar kuɗin tafiya yanzu-yanzu.

Wa za a kai wa hari, kuma yaushe

Yaƙin farko kada ya zama na jarumta. Jira maƙwabta biyu su gwabza. Wanda ya ci ya raba mayaƙansa gida biyu, lardin da ya baro ya yi sauƙi, wanda ya kama kuma a ragargaje yake. Leƙa duka biyun nan take. Abu na biyu da za ka nema shi ne lardin da shinkafarsa ta yi ƙasa ƙwarai da mayaƙansa, don wanda abincinsa ya ƙare a fage ya faɗi ko ba a taɓa shi ba. Annoba ma tana rage mayaƙan lardi, in ta sauka a maƙwabta dama ce.

Tafi da aƙalla ninki ɗaya da rabi na mayaƙansa, ninki biyu in makamansa sun fi naka. Ɗauki shinkafa da ba ta gaza yawan mayaƙan da ka fita da su ba, ka tanadi zinariya don fita yaƙi tana cin kuɗi. Sannan ka dubi abin da ka bari a gida: in ragowar ba za su iya tsayawa gaban maƙwabci na biyu ba, ba ka shirya ba tukuna. Nan ne yawancin masu wasa suke asarar lardinsu na asali, sun ci sabo sun rasa tsoho mai gonaki.

Za a tambaye ka ko sarki da kansa zai ja rundunar. In ya ja, halayensa suna ƙara wa mayaƙa ƙarfi, amma in runduna ta 1 ta ƙare shi ke nan. Ka bar shi ya fita in rinjayen a bayyane yake. A gefe guda, in sarkin abokan gaba yana cikin lardin da ka kai wa hari kuma ka kashe shi a fage, duk lardunansa naka ne a lokaci guda. Saboda haka babban sarki mai larduna shida wani lokaci ya fi ƙaramin sauƙin ci: nemo inda yake zaune, ka daki nan.

A fagen fama

Filin gidaje ne masu maƙwabta shida-shida. Kowace runduna gida ɗaya take takawa a juyi, har barade, kuma masu bindiga ma sai sun matso gab da abokin gaba suke harbi. Duwatsu da ruwa ba a shiga. Tudu ya fi fili kariya, ganuwa ta fi ko'ina, gari kuwa ba wurin tsayawa ba ne, kuma faɗa a cikinsa yana rage darajarsa, wato kana ƙona abin da ka zo ci.

Mai hari kwana 30 gare shi. In suka cika bai ci ba, ya faɗi. Don haka in kai ne mai hari, kada ka bi ƙananan rundunoni kana ɓata kwanaki. Nufi ta 1. Ka kawo masu bindiga da barade su tsaya a gefuna biyu nata, su dake ta a juyi guda, ta 1 ɗinka tana baya sai an raunana ta sannan ta shigo ta ƙarasa. Ka guji kai hari daga fili zuwa tudu in akwai hanyar zagayawa. Rundunar bindigar abokin gaba kuwa, in ba dole ba kada baradenka su fara taɓa ta su kaɗai.

In kai ake kai wa hari, lissafin ya juye: lokaci naka ne. Sa ta 1 a ganuwa in ƙarfinku ya yi kusa, sauran su toshe gidajen da ke kewaye da ita. In an fi ka nesa, kada ka tsaya, ka yi ta zagaye da ta 1 a bayan duwatsu da ruwa har kwanaki su cika ko shinkafarsu ta ƙare. Ba kyan gani, amma yana ceton lardi. Gudu da Flee yana yiwuwa ne kawai in kana da wani lardi a maƙwabtaka, shi ya sa mai lardi ɗaya ba shi da wurin ja da baya.

Bayan nasara, sabon lardi yakan zo da biyayya a ƙasa da rumbu fanko. Umarninsa na farko kyauta ce ga talakawa, tsohon lardi kuma ya aiko masa shinkafa da Send. Ka kula da ƙwarin gwiwar mayaƙa ma, don in ya faɗi ƙasa tawaye ke biyo baya, kuma Give ga mayaƙa ne maganinsa.

Amana, aure da 'yan ninja

Pact yarjejeniyar zaman lafiya ce da ake saya da zinariya, Marry kuma ƙulla aure. Dukansu suna rage yiwuwar hari, ba sa hana shi, kuma suna sanyi da shekaru. Amfaninsu a sayi shekara biyu daga babban maƙwabci, ba a kwashe mayaƙa daga iyakarsa ba. 'Yan ninja ana ɗaukarsu a ƙarƙashin Hire, aikinsu biyar: zuga talakawa, zuga mayaƙa, fasa madatsu, kisan gilla, da sa wuta a gari. Fasa madatsu da bazara, gab da guguwa, shi ya fi ciwo. Kisan gilla ya fi kamawa a kan tsoho mai raunin lafiya da ƙarancin basira. Naka sarkin ma haka ake yi masa, don haka in lafiyarsa ta yi ƙasa ka yi Rest, wato hutu. In wani sarki ya mutu ba a yaƙi ba, ana iya sa lardinsa a gwanjo tsakanin maƙwabta, wanda ke da ajiyar zinariya ya samu ƙasa ba tare da zubar da jini ba.

Idan larduna suka kai goma, ba da umarni ga kowanne yana gajiyarwa. Grant yana miƙa lardi ga wakili da manufa ɗaya: kasuwa, soja, noma, ko daidaito. Miƙa na ciki kawai, waɗanda ba su da iyaka da abokin gaba, ka riƙa kwaso rararsu zuwa bakin daga. Na iyaka ka riƙe da hannunka, don wakilin soja yana iya tsokano yaƙin da ba ka shirya ba.

Kaset, batir da wutar lantarki

Wasa ɗaya yana ɗaukar kwanaki, don haka ajiya dole ce, tana ƙarƙashin Other. Kaset ɗin yana riƙe ajiya da batir CR2032 mai bolt 3 da aka liƙa da dalma a allon ciki. Bayan shekara talatin da ɗoriya yawancinsu sun mutu, alamar ita ce ka ajiye, ka kashe, ka kunna ka tarar babu komai. Kaset ɗin NES ana buɗe yawancinsu da sukurudireba ta musamman mai milimita 3.8. Sayi batir mai ƙafafu, kada a ɗora dalma kai tsaye a kan batir tsirara don zafi yana iya fasa shi, a kuma lura da gefen da ke da alamar tarawa. Cire tsohon yana goge duk ajiyar da ta rage. In ba ka saba da dalma ba, mai gyaran rediyo zai yi shi cikin minti goma. Wajen kashe na'ura, danne Reset ka riƙe sannan ka kashe, don kada ajiya ta lalace. Haƙoran kaset a goge su da auduga da sifirit mai tsabta, ba a hura musu iska da baki, danshi ne ke sa su tsatsa.

Kaset ɗin Famicom haƙora 60 ne, na NES 72, ba sa shiga na'urar juna sai da mahaɗi. Cajar Famicom ta wutar Japan ce mai bolt 100, ta NES ɗin Amurka 120, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce, in ka soka kai tsaye ta ƙone, sai da taransifoma mai rage wuta. Kada kuma ka sa cajar NES a Famicom ko da bakin ya shiga: ta NES wuta mai kai-komo take fitarwa, Famicom kuwa mai tafiya ɗaya take ci, za ta lalata ta. Hoton na'urorin biyu na tsarin NTSC ne, talabijin da ba ta karɓarsa za ta nuna baƙi da fari ko hoto mai birgima. Mai yin wasan a kwamfuta da manhaja mai kwaikwayon NES irin Mesen ko FCEUX ya huta da duk wannan, sai dai ya riƙa kwafe fayil ɗin ajiya a wani wuri daban, kuma ya ajiye a farkon kowace kaka kafin ya taɓa rumbu.